Littafin aikin ƙasa: daga duwatsun Rano zuwa rairayin Ringim

Litinin 6 Janairu 2025

Yau dai Allah ya yi, malamina ya sa hannu a furofozal, wato takardar tsarin binciken da zan yi a kan ƙasar noma, bayan gyara har sau huɗu. Zan riƙa rubuta abin da ke faruwa a nan saboda na san halina da mantuwa, kuma ranar difens, ranar da zan kare aikin a gaban malamai, ba wanda zai tausaya min.

Ga abin da nake nema a taƙaice. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa a wajen Tamburawa su zama kogin Hadejia. Kudu da yamma duk a kan tsohon dutse suke gudu, giranit da nayis, wasu sun kai shekara miliyan 600 ko fiye. Amma da ruwan ya wuce Wudil sai dutsen ya nutse ƙasa, kogin ya hau kan yashi da yumɓun da suka taru a kwarin Chadi. To ina so in ga ko wannan canjin dutsen da yadda ruwa ke bin ƙasa su ne ke sa ƙasar noma ta bambanta, kuma in ba kowace ƙasa sunanta a tsarin WRB (tsarin duniya na raba ƙasa iri-iri) da na Amurka. Wurare uku: wajen Rano, wajen Wudil, wajen Ringim. Kowane wuri rami uku, ɗaya a tudu, ɗaya a gangare, ɗaya a fadama. Rami tara kenan.

Kuɗin da ke hannuna dubu 420. Malam ya kalle ni ya ce ba za su isa ba. Na ce Allah zai rufa asiri.

Alhamis 9 Janairu

Na sauke bayanan tudu da kwari na SRTM (awon tsayin ƙasa da aka ɗauka daga sararin samaniya, ɗigo ɗaya duk mita 30), na loda a manhajar taswira ta QGIS. Data ta ci min dubu 3.

Litinin 13 Janairu

Kwana uku ina fama da kwamfuta amma abin ya yi kyau. Da na fitar da hanyoyin ruwa na ɓangaren Rano sai ga su kamar rassan bishiyar kuka, ƙananan ƙoramu suna zuba cikin manya, ko'ina a cike. Wasu wuraren kuma ƙorama za ta miƙe ɗoɗar sai ta karya kwana kamar an ja da rula, wannan tsagar dutse take bi, ruwa ba ya wahalar da kansa, inda dutse ya tsage nan yake shiga. Na jera su da lambobin Strahler, wato matakin ƙorama na ƙaruwa duk inda biyu masu mataki ɗaya suka haɗu, har mataki na biyar na samu.

Ringim ce ta ba ni ciwon kai. Manhajar ta zana min ƙoramu reras masu kyau, layi-layi, har na fara murna. Da na ɗora a kan hoton Google Earth babu ko ɗaya, gonakin gero ne kawai. Wurin a shimfiɗe yake, bambancin tudu da kwari bai taka kara ya karya ba, ita kuma manhajar dole sai ta nema wa ruwa hanya ko da ƙarya ne. Na goge su duka, zan bi hoton da hannu in zana abin da idona ya gani. Abin da ya rage kuwa kogin ne shi kaɗai da tsoffin hanyoyinsa da ya bari, sai tafkuna a tsakanin tuddan rairayi, tuddan kuma duk sun kwanta gefe ɗaya, daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, hanyar iskar hunturu.

Laraba 15 Janairu

Na karɓo aron oga (ba ogan ofis ba, ƙarfen nan da ake murzawa a burma ƙasa a ɗebo samfur), tef, da littafin kala na Munsell da ake gwada launin ƙasa da shi. Littafin ya tsufa, shafin 10YR duk ya sha hannu, kuma an ja min kunne in ya ɓata in nemi gonar da zan sayar. Leda, maka ta rubutu, igiya, bokiti: 11,500.

Asabar 18 Janairu

Zuwan farko Rano, kuma ranar ta tafi a banza, laifina ne. Wuraren da zan haƙa na ɗauko su ne daga tsohuwar taswirar nan ta 1:50,000, na zuba lambobin cikin GPS ban duba komai ba. Muka yi ta tafiya a ƙasa ni da ƙanena, GPS ya ce mun iso gefen fadama, mu kuma muna tsaye a kan fa, dutse ƙwal ba ko ciyawa. Na yi ta zagaye ina zargin na'urar har la'asar. Sai da na dawo gida na kira wani da ya riga ni gamawa, ya yi dariya ya ce tsoffin taswirorin Najeriya a kan ma'aunin Minna aka yi su, GPS kuma yana kan WGS84, in ba ka juya ba sai ka kauce da mitoci masu yawa. A fili ba komai ba ne, amma fadamar Rano siririya ce, ɗan kaucewa kaɗan ka fita daga cikinta. Sauri ya haifi nawa. Kuɗin mota da mashin 14,000 sun tafi.

Talata 21 Janairu

Na koma, wannan karon ta gidan dagaci na fara, da goro da takardar makaranta. Na durƙusa na yi gaisuwa na ce, ranka ya daɗe, ɗalibi ne ni, ƙasa nake so in duba. Ya daɗe yana kallon takardar sannan ya ce, yaro, zinare kuke nema ko gwamnati ce za ta karɓi gonakin? Ban ga laifinsa ba, Riruwai ba nisa can kudu kuma kowa ya san an haƙi kuza a can. Na rantse masa rami ne kawai, zan auna in ɗebi ƙasa cikin leda in mayar in rufe. Ya haɗa ni da mai unguwa, aka samo min masu haƙa biyu, dubu 9 kowane rami har da mayarwa.

Laraba 22 Janairu

Rami na 1, tudu, gonar dawa. Wallahi gani ya kori ji. Shekara nawa ina zana wannan abin a takardar jarrabawa, yau ga shi a gabana kamar an yanka alkaki.

Sama, kamar santimita 18, ƙasa ce mai haske, ruwan ƙasa-ƙasa, da na jiƙa na murza sai na ji laushi kamar garin fulawa a cikin yashin. Daga nan ta fara ja, tana ƙara ja tana ƙara danƙo, a 60 har tana yin zare in ka matsa tsakanin yatsu, kala ta koma shafin 5YR sannan 2.5YR na Munsell, masu ƙarin ja. Da gilashin hannu na ga ɗan sheƙi a fuskar ɓarɓashin, wato yumɓun da ruwa ya wanko daga sama ya shafe a nan. A 85 sai ga layin farar tsakuwa a kwance kamar an jera da gangan. Ƙarƙashinsa ruɓaɓɓen dutse, kana ganin zanen giranit ɗin sarai amma kana sa wuƙa yana marmashewa, yana ƙyalli. Masu haƙa suka ce ai ga zinaren nan, sai da na yi ta bayani ba shi ba ne.

Mai gonar, wani dattijo, ya zo ya leƙa ya ce wannan ai jangargari ce, tana riƙe taki amma in ruwa ya yi jinkiri sai ta ɗaure garma ba ta shiga. Na ce Baba me ya sa samanta ba ja ba ne? Ya ce ai saman ba tata ba ce, iska ce ke kawowa. Na yi shiru. Abin da zan cika shafi biyar ina kawo hujja a kai kenan, ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi tana sauka mana duk shekara.

Juma'a 24 Janairu

Rami na 2, gangare. A santimita 42 diga ta fara tartsatsi, marmara ce ta shimfiɗe kamar daɓen siminti, irin wadda ke saman Dala da Goron Dutse. Bakin diga ya lanƙwashe, na biya 2,500 wajen maƙeri. Mun bar shi a nan. Tunda ta fito kafin 50 ina ganin Filintosol ce a tsarin WRB, wato ƙasa mai marmara, sai dai lab ya tabbatar da sauran. Manoman suna ce wa wurin fako, gyaɗa ma da ƙyar.

Talata 28 Janairu

Rami na 3, fadama. Ƙasa toka-toka mai ɗige-ɗigen tsatsa tun daga santimita 25, tana warin kwata kaɗan. Muna kaiwa 95 ruwa ya fara tsattsafowa ta gefe, kafin in gama rubuta bayanin shimfiɗa ta uku, wato hawa na uku na ƙasar ramin, ya kai min ƙauri, ƙanena na kwarfa da bokiti ni ina awo, ga sanyi. A tsakiyar rani fa kenan, wata uku ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Dutsen da ke ƙasa ne ya hana shi nutsewa, duk abin da tudu ya sha da damina a hankali yake gangarowa ta cikin ruɓaɓɓen dutsen nan ya taru a nan. Shi ya sa ake rake da tumatir a wurin.

Abin da na kashe a Rano gaba ɗaya: 78,000.

Juma'a 31 Janairu

Na je Wudil neman izini ban tuna ranar kasuwa ba ce, shanu da tireloli sun cushe gada, awa biyu a tsaye. Ban samu mai unguwa ba.

3 zuwa 8 Fabrairu

Ramuka na 4, 5, 6. Ba wani abin mamaki sai abu ɗaya: a tudu mun kai mita biyu ba mu taɓa dutse ba, na ci gaba da oga daga ƙasan ramin har wani mita ɗaya, nan ma yashi ne ja-ja. A taswirar duwatsu kuwa wurin yana ɓangaren tsohon dutse. Ba na cewa taswirar ƙarya take, dutsen na nan a ƙasa, amma rairayin da iska ta lulluɓa masa ya yi kaurin da shuka ba ta san da zamansa ba. Layin da ake ja a taswira a ce nan ne iyaka, a gona ba layi ba ne.

Akuya ta faɗa rami na 5 da daddare saboda ban sa an kewaye da ƙaya ba. Ba ta mutu ba amma ta karye. Mai ita ta zo har inda muke, ta ce ɗan nan haka ake yi? Na ce Inna ki yi haƙuri, kuskurena ne. Mai unguwa ya sasanta a 15,000. Daga yau ba ramin da zai kwana a buɗe.

Talata 11 Fabrairu

Hutu dole, mura da tari. Ƙura ta yi yawa, ko gidan maƙwabta ba a gani sosai.

Juma'a 14 Fabrairu

Ringim, rami na 7 a kan jigawa. Haƙa ba wuya, cikin awa biyu sun kai 180, har suna tsokanata wai kuɗin banza. Na shiga na kafa tef na fara neman iyakar shimfiɗu, babu. Yashi ne lallausa daga sama har ƙasa, sama ya ɗan yi duhu kaɗan saboda saiwa, shi kenan. Na jiƙa na dunƙula ya ƙi dunƙuluwa.

Ina tsugune ina gwada kala sai na ji babban cikin masu haƙan ya daka min tsawa, Malam fito! Ban tsaya tambaya ba na yi tsalle, bangon gabas gaba ɗaya ya zubo, ya binne tef da wuƙa da leda huɗu da na riga na cika. Littafin Munsell yana hannuna, shi na fara dubawa kafin ƙafata, Allah ya gani. Mun tara ƙasar da aka fitar dab da bakin ramin ne, nauyinta ya karya bangon, ga yashi busasshe ba abin da ke riƙe shi. Da ina sunkuye a wancan gefen da wani labarin ake yi.

Muka sake wani a gefe, mai faɗi, bango a kishingiɗe da matakala, ƙasar kuma aka zuba ta nesa. Ƙarin 9,000. Ban gaya wa Umma ba.

Wannan kam ko ba lab Arenosol ce, a tsarin Amurka kuma cikin Entisol za ta faɗa. Yanzu na gane dalilin da ya sa ba ƙorama a taswirar nan: ruwan sama na sauka yake shanyewa, ba ya samun damar gudu balle ya yanka hanya.

Litinin 17 Fabrairu

Rami na 8, kwari tsakanin tuddai biyu. Taku ɗari uku kacal daga ramin ranar Juma'a amma kamar wata duniya: baƙar laka mai tauri, ta dare har hannuna na shiga tsagar. A gefe akwai wani fili fari fat ba ciyawa, an ce kanwa ce ta tashi a wurin, dabbobi na zuwa lasa. Na ɗebi samfur daban.

Alhamis 20 Fabrairu

Rami na 9, bakin kogi. Wannan ya fi kowanne ban sha'awa, yashi, laka, yashi, laka, hawa-hawa har takwas na ƙirga, kowace ambaliya ta bar nata. Mai gonar ya ce a zamanin mahaifinsa ruwa na malalowa ya rufe nan duk shekara ya ja da kansa, amma tun da aka yi dam ɗin Tiga a 1974, daga baya kuma na Challawa a 1992, zuwan ruwan ya canza, wani lokaci da rani ma sai a sako shi. Ya ce can gaba wajen Hadejia kachala ta toshe hanyoyin ruwa.

Abin da na lura: ita ma fadama ake ce mata, ta Rano ma fadama, amma ba abu ɗaya ba ne. Ta Rano ruwanta daga tudu yake zuwa ta ƙarƙashi, dutse ya tare shi. Ta nan ruwanta daga kogi yake, kogin ne ma ke ba ƙasa ruwa yana raguwa yana tafiya. Waccan Gilesol, wannan Fulubisol.

An gama fili. Samfur 43. Saura 171,000.

Litinin 24 Fabrairu

Na baza samfura a ɗakin da ba kowa, a kan jarida, a inuwa.

Alhamis 27 Fabrairu

Yau na kusa kuka. Leda shida rubutun makar ya goge, na fadamar Rano da na kwarin Ringim, danshi da gogayya cikin buhu. An sha gaya mana a sa takarda da fensir a ciki a kuma rubuta a waje, na ga kamar ɓata lokaci ne. Huɗu na gane su da kala da hotunan wayata. Biyu kam duk toka-toka ne, na kasa rantsuwa a kansu. Na je wa malam da maganar ina fatan ya ce in zaɓi wanda ya fi kama, ya cire tabarau ya ce, kai da za ka ƙirƙiri suna ka liƙa wa ƙasa, gara ka koma. Gobe Rano da oga, 12,000.

Talata 4 Maris

Azumi ya kama tun Asabar. Daka a turmi da tankaɗe da rariyar milimita 2, ni da ƙanena, da safe kawai muke iyawa.

Litinin 10 Maris

Lab sun ba ni lissafi, in za a yi komai a kan 43 kuɗina ba za su kai ko rabi ba. Muka zauna da malam muka rage: rabon yashi da yumɓu da pH (awon tsami ko kanwar ƙasa) zan yi da hannuna a duka, su kuma su yi CEC (awon yadda ƙasa ke riƙe sinadaran abincin shuka) da sinadaran da ke maƙale da yumɓu a kan 24 kawai. 118,000. Yayata ta turo 40,000, Allah ya saka mata.

Laraba 12 Maris

Haidiromita, na'urar auna rabon yashi da yumɓu a cikin ruwa. Giram 50 na ƙasa, ruwan Calgon mai warware yumɓu, a kaɗa, a juye a silinda mai lita ɗaya, karatu a daƙiƙa 40 sannan bayan awa biyu. Ina cikin kaɗa rukuni na biyu aka ɗauke wuta, janareta ba mai. Wannan ba laifina ba ne. Nawa shi ne na manta ban auna zafin ruwan ba a rukunin farko, ga shi ana gyara karatun ne da kusan 0.36 a kan kowane digiri da ya haura 20, ɗakin kuma kamar gidan burodi. Goma sai an sake.

Laraba 19 Maris

An gama rabon ƙasa da pH. Ramin tudun Rano yumɓu ya tashi daga kashi 11 a sama zuwa 34 a tsakiya, ya wuce sharaɗin da ake nema kafin a ce yumɓu ya taru a tsakiya nesa ba kusa ba. In CEC ta fito ƙasa da 24 a kan kilon yumɓu kuma sinadaran sun cike fiye da rabinta, Liksisol ce, Alfisol a ɗaya tsarin. Jigawar Ringim yashi ya haura 90 tun daga sama har ƙasa. Farin filin nan na kanwa pH ɗinsa ya wuce 9, kuma silindarsa har washegari ba ta kwanta ba, ruwan ya tsaya dagwalo, alamar sodiyam kenan. Zan roƙa a ƙara shi cikin 24 ɗin.

Abin da ya dame ni shi ne da na jera saman ƙasar tuddai uku kawai, santimita 20 na farko, bambancin bai kai yadda na rubuta a furofozal ba, duk yashi ne mai laushi da ƙura. Wanda ya ɗebi samfur da fartanya zai ce dutse ba ruwansa da ƙasar nan. Sai ka wuce rabin mita dutsen ke nuna kansa. Kuma tudu da fadamar wuri ɗaya sun fi nisa da juna a kan tudun Rano da tudun Wudil. Wato dai dutse ne ke tsara inda ruwa zai bi, ruwan kuma shi ke yin ƙasar, ni kuma a furofozal na tsallake ruwan na ɗaura ƙasa kai tsaye a wuyan dutse.

Litinin 24 Maris

Na nuna wa malam. Ya ce babi na ɗaya sai an sake shi, kuma in ƙara tebur na sunayen manoma, jigawa, jangargari, fako, laka, fadama, gefe da gefe da na WRB, tunda a ramuka tara sau bakwai inda suka ce ƙasa ta canza nan ta canza. Inda suka haɗe abu biyu da suna ɗaya shi ne fadama, sai fako da suke kiran marmara da shi a Rano, a Ringim kuma filin kanwa.

Ya kuma ce rami uku a Wudil ba su isa a ce komai game da iyakar tsohon dutse da yashin kwarin Chadi ba.

Alhamis 27 Maris

Lab sun ce sai bayan sallah. Abin da ke gaba: layin oga daga Wudil zuwa wajen Gaya, huda ɗaya duk rabin kilomita, in ga inda jan yumɓun yake ɓacewa, kuma dole a gama kafin ruwan farko. Sannan a watan Agusta in koma ramuka na 3, 8 da 9 in auna inda ruwa ya tsaya, don haka ina buƙatar bututun roba uku da murfi, an ce 6,500 kowanne. Saura 31,000 a hannuna, ban ɗinka kayan sallah ba, kuma tef ɗin da rairayi ya binne na aro ne, shi ma sai na saya.